Gemun Orval a Kan Allon Talla

Orval Tidwell mai haƙa rijiyar burtsatse ne, kuma a wurin ubansa ya gaji sana'ar. A duk gundumar Calder, can yammacin Texas inda ruwan sama ke zuwa kamar baƙon da ya bar tukunya a kan wuta, da wuya ka sami gonar da injinsa bai huda ba. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, magana na yi masa tsada sai in an taɓo zancen ruwa ko na malalata. Matarsa Nadine ta tsufa tana dafa wa yaran firamaren garin abinci. 'Yarsu ɗaya, ita ma ta yi aure ta koma birni.

Tun yana saurayi ake yankar wani abu daga guminsa da sunan tanadin lafiyarsa in ya tsufa. Orval ba masoyin gwamnati ba ne, amma wannan bai taɓa jin haushinsa ba. Ranar da ya cika shekara sittin da biyar katin Medicare, wato katin lafiyar tsofaffi na gwamnati, ya iso, ya juya shi gaba da baya, ya soke a aljihu.

"Wannan ba sadaka ba ce," ya ce wa Nadine. "Ajiyata ce aka dawo mini da ita."

Katin kuwa ya yi aiki muddin Dakta Crume na da rai. Tsohon likitan shi ya karɓi haihuwar rabin garin, kuma bai taɓa tambayar abin da ke aljihun mutum kafin ya tambayi abin da ke damunsa ba. Da ya rasu, 'ya'yansa ba su ko bari ƙasar kabarinsa ta bushe ba suka sayar da asibitin ga wani kamfani daga birni. Aka rushe tsohon ginin, aka dasa wani na gilashi mai ɗaukar ido, aka raɗa masa suna Golden Mesa. A ɗakin jira aka sa akwatin kifaye masu launi, da piyano wanda har yau babu mahalukin da ya ji an kaɗa shi.

Ranar buɗewa aka yi gashin naman sa kyauta, gari ya ɗungumo. Orval na tsaye da faranti a hannu, malafarsa a ka, farin gemunsa ya sauko har ƙirji, sai ga wata mace cikin kwat tana tunkaro shi da murmushi har kunne. Kendra Voss ce, manajar sabon asibitin.

"Wayyo Baba, wannan gemu haka! Wallahi kai muke nema tun safe. Za ka yarda mu ɗauke ka hoto?"

"Hoto na me, 'yata?"

"Na girmamawa. Irinku ne ginshiƙin garin nan."

Tun da uwarsa ta haife shi babu wanda ya taɓa kiran Orval ginshiƙi. Ya ajiye faranti, ya goge maiƙo a wando, ya sa hannu inda aka nuna masa, ya tsaya ya yi murmushi.

Ba a jima ba sai ga shi a kan allon talla a bakin babbar hanyar shiga gari, fuskarsa ta kai girman ƙofar gareji. A ƙasa an rubuta: IYAYENMU, AMANARMU. Gaskiya dai ba ta ɓuya, abin ya shiga kan Orval. Mutumin da a da sabulun wanki yake goga wa gemu, sai ga shi yana sayen mai na musamman. In Nadine ta aike shi sayen madara sai ya zagaya ta bakin gari, ya rage gudu.

A shagon kofi, inda tsofaffin garin ke kashe safiya, abokinsa Hoyt Bascom, tsohon direban tirela mai fama da ciwon suga, ya sa shi gaba.

"Ku tashi, ku tashi, ga amana ta iso! Orval, tsuntsaye fa sun yi maka ado a hanci. In kai tsani ne?"

"Hassada ga mai rabo taki ce," in ji Orval. "Kai da za a sa taka fuskar, da motoci sun riƙa faɗawa rami."

Ana nan sai ƙugun Nadine ya fara ciwo. Da fari ta ce sanyi ne. Daga baya ta kasa hawa matakalar coci, sannan ta kasa juyawa a gado ba tare da ta cije leɓe ba. Orval ya taje gemu, ya sa ta a mota, ya nufi asibitinsa, don haka yake kiransa a zuci.

A bayan teburin karɓar baƙi, ga hotonsa nan kuma a bango, cikin firam. Yarinyar da ke zaune a ƙarƙashinsa ta karɓi katin Nadine da yatsu biyu, ta dube shi, ta turo shi baya.

"Ku yi haƙuri, Baba. Mun daina karɓar wannan."

"Kun daina karɓar me?"

"Katin gwamnati na tsofaffi. Tun farkon wata."

Orval ya ɗaga malafarsa ya nuna bango. "Yarinya, juya ki dubi bayanki."

Ta juya, ta dubi hoton, ta dube shi. "Lah, kai ne! Ka yi kyau sosai a nan." Sannan ta leƙa bayansa. "Na gaba."

Ya ce ba inda za shi sai ya ga likita. Can aka fito masa da Dakta Prentiss, matashi mai haƙora farare tas, wanda kowa ya san yana da dawakin tsere a bayan gari. Ya dafa kafaɗar Orval kamar ya zo masa ta'aziyya.

"Baba, ka san abin ya fi ci mana rai fiye da kowa. Gwamnati ba ta biyan abin kirki, ga cike takardu kamar a kashe mutum. In muka ci gaba a haka, rufewa za mu yi. Amma akwai tsarinmu na 'yan gida. Mutum ya biya nasa na shekara daga aljihunsa, ko da yaushe ya kira ni zan ɗauka."

Ya faɗi kuɗin cikin murya mai laushi, irin wadda ake lallashin yaro ya sha maɗaci. Orval ya dubi kifayen da ke yawo a akwatinsu, ƙosassu, kowanne ya fi Nadine samun kulawa.

"Likita, marigayi Crume ya yi shekara da shekaru yana karɓar katin nan, ban ga ya mutu da yunwa ba."

"Zamani ne ya canza, Baba."

"Crume dai ba shi da dawaki," in ji Nadine daga kan kujera. "Tashi mu tafi, tsoho."

Suka shiga buga waya. Wannan likita ya ce ya cika, wancan ya ce yana karɓar katin amma ga tsofaffin majinyatansa kawai, wani kuma sakatariyarsa ta ce a sake kira bayan Kirsimeti. Duk da ladabi suke korar mutum, har da yi masa fatan alheri. Daga ƙarshe aka samu wani asibitin koyarwa a birni da ya yarda ya sa Nadine a layi. Tafiyar na cin rabin yini, kuma duk ramin da mota ta faɗa sai Nadine ta damƙe ƙofa. Ga shi hanyar dole ta bi ta ƙarƙashin allon.

"Ga mijina can yana yi mini dariya," ta ce wata rana. "Ɗaga masa hannu mana."

Washegari Orval ya je ya ce a sauke hotonsa. Kendra ta ce ai ya sa hannu, hoton ya zama nasu. Ya juya ya fita. Ya koma gida ya zaro falanki daga gareji, ya rubuta da jan fentin da yake yi wa bututun rijiya alama da shi: NI NE WANCAN. SUN ƘI KATIN MATATA. Ya ɗauki kujerar naɗewa ya je ya dasa kansa a gindin allon.

Da farko motoci suka riƙa wucewa suna kallo. Daga baya suka fara danna oda. Hoyt ya zo da tasa kujerar da tulun shayi mai ƙanƙara, don shi ma an maido masa da nasa katin.

"Na zo in ga ko amana na bukatar mai gadi," ya ce.

Kafin mako ya zagayo, gindin allon ya koma dandali. Matan coci suka zo da saƙarsu da burodin masara, wani tsoho ya zo da tulun iskar numfashinsa a kan 'yar keke. Har 'yan talabijin suka zo daga birni, suka ɗauki gemu na sama da gemu na ƙasa. Orval ya ji kansa ya sake kumbura, wannan karon ma fiye da na farko.

Sai ga motar Kendra. Ta ja shi gefe, murmushin nan na nan bai gaji ba.

"Baba, kai namu ne, bai kamata a ji kanmu a waje ba. Dakta ya ce a kawo Mama, a yi mata komai har aikin ƙugun, ba za ku biya ko kwabo ba. Kai dai ka naɗe kujerarka, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu."

"Su kuma waɗannan fa?"

"Ai su ba su ne a hoto ba."

Orval ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Je ki gaya wa mai dawaki, Orval Tidwell ba na sayarwa ba ne!"

Aka yi ta tafi. Hoyt har da jefa hula sama. Orval ya koma gida ƙirji a buɗe, ya tarar da Nadine kwance a doguwar kujera da ƙullin ƙanƙara a ƙugu, ya kwashe labari kaf ya ba ta, har da kwaikwayon muryar Kendra. Ta saurare shi har ya dasa aya.

"Ka gama? To, da ƙugun wa ka yi wannan jarumtakar?"

"Nadine, ai mutunci…"

"Mutuncin gemunka! Kai ke kasa tsugunawa a bayi? Kai ke rarrafe zuwa kicin? Da ka zo ka tambaye ni, wataƙila ni ma in ce su riƙe tsiyarsu. Amma ni ce zan faɗa, ba kai ba. An ba ka tafi ka sha, ni kuma in sha ciwo."

Orval ya tsaya da malafa a hannu. A rayuwarsa ya sha huda ƙasa ya tarar babu ruwa, amma bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ya kwana biyu yana juya abin a rai, sannan ya haɗiye girman kai, ya bi ta ƙofar baya ta asibitin don kada 'yan gindin allo su gan shi.

Kendra ta bar shi a zaune har kifayen suka gaji da ganinsa. Da ta fito, murmushin ya tafi hutu.

"Wace magana kuma, Malam Tidwell? Ni ban tuna mun yi wata magana ba."

Ashe 'yan talabijin sun riga sun koma kan wata gobara, kuma asibitin ya gane tsofaffi ba za su jure zafin ranar Texas har abada ba. Da safiyar wata Litinin ma'aikata suka zo da tsani suka ɗaye fuskar Orval. Suka manna wasu miji da mata masu furfurar ado a kan kekuna, haƙoransu cif, mutanen da ko a mafarki ba su taɓa taka Calder ba. Rubutun ƙasa kuwa ba a taɓa shi ba. A ƙarshen shekarar ƙungiyar 'yan kasuwar gari ta ba Golden Mesa lambar yabo ta hidima ga al'umma, Dakta Prentiss ya karɓa har da share ƙwalla.

Sai da bazara ta sake zagayowa layi ya iso kan Nadine a birni. Aikin ya yi kyau, sai dai jiran ya riga ya cinye ɗayan ƙugun, don haka da sanda take tafiya har yau. Ta daɗe ba ta yi wa Orval magana mai daɗi ba, shi kuma bai nemi ta yi ba. Ya koyi dafa wake, ya koyi wankin bayi. Ya roƙi fasto aron motar coci, duk Talata yana kwasar tsofaffin gari zuwa asibitin birni ya dawo da su.

Hoyt ne kawai ya ƙi shiga. Ya ce ya gama zaman mota a duniya, ba zai yi tafiyar rabin yini don a duba masa ɗan gyambo a yatsa ba. Gyambon ya ci ƙafa, ƙafar ta tafi da shi.

Ranar jana'izarsa coci ya cika. A gaban akwatin gawar, furen da ya fi na kowa girma na Golden Mesa ne, da ƙyalle mai ruwan zinare an rubuta suna cikin jimami tare da iyali. Fasto na shirin fara addu'a sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan katako. Nadine ce. Ta isa gaba a hankali, ta saƙala kan sandarta a jikin furen, ta fara jan sa a ƙasa ta tsakiyar coci. Nauyinsa ya fi ƙarfinta, ta tsaya tana haki, ta waiwayo.

"Tsoho, zama za ka yi kana kallona?"

Orval ya miƙe ya kama ɗaya gefen. Suka fitar da shi tare, suka jingine shi a jikin durom ɗin shara, sannan suka dawo suka zauna aka yi addu'a.