Ƙahon Gidanmu da Takardar Baƙo

Marigayi mijina shi ne mai busa ƙahon farauta a ƙauyenmu, nan ƙasar Daura. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa wa kowa rawani a kanta. Amma idan rani ya shigo, an kawar da gero da dawa, mafarauta sun taru a bakin daji da karnuka da gorori, ba mai ɗaga sanda sai ƙahon gidanmu ya yi kuka. Al'adar kuma ba ta da kwana-kwana: duk shekarar da aka buɗe farauta babu namijin gidan da ya fito da ƙahon ya busa, to ya bar gidan ke nan, ya koma wani.

Da mijina ya rasu ƙaninsa ya ci gaba da busawa, har tari ya cinye masa ƙirji. Sai ya rage ɗana na fari, wanda yake aikin soja can gabas mai nisa. Matarsa da 'ya'yansa suna wurina, tukunyarmu ɗaya. Na aika masa, ya nemi hutu ya zo.

A shekarar ne hukuma ta ce ba mai shiga gandun daji farauta sai da takardar izini, kuma mazaunin yankin kaɗai ake ba wa. Ban ƙi dokar ba. Na ga 'yan nesa da ke zuwa cike da mota, su cinna wa daji wuta saboda ɓera. Na ɗauka su aka yi wa.

Ɗana ya tafi wurin malamin daji a sakatariya, ya dawo yana kallon ƙasa. Wai an duba an ce soja mazaunin inda aka tura shi aiki ne, ba inda aka haife shi ba. Na tambaye shi ko ya gaya musu iyalinsa suna nan, gonarsa tana nan, kabarin ubansa yana nan. Ya ce ya faɗa.

"Sai suka ce me?"

"Suka ce matata tana iya karɓa, Inna, tunda ita tana zaune."

Na dubi surukata tana tankaɗe da goyo a baya. Ita za a ba izinin kora zomo. Na tambaye shi abin da ya mayar musu, ya ce cewa ya yi to. Ƙato guda, wanda aka ce yana kwana a rami yana jin harsashi, wani mai biro a aljihu ya ce masa baƙo ne a garin ubansa, ya ce to.

Na ce ya shiga dajin haka nan mu ga mai hana shi. Ya ce idan aka kai rahotonsa sama za a iya tuɓe masa kaki, kuma da kakin nan yaran suke ci. Na bar maganar, don ni ma da shi nake ci.

Akwai wani gida bayan masallaci da suka daɗe suna haɗiyar yawu a kan ƙahon. Kwatsam sai zumunci ya taso musu. Safe da yamma suna hanyar duba ƙanin mijina, suna tambayar jiki, kunnuwansu a kan tarin. Matar gidan har fura ta kawo mini, idonta yana yawo a bangon ɗakina inda ƙahon yake rataye. Na karɓa na ba kaji.

Ana haka sai ga wani babban soja da aka kawo shingen bincike na hanyar Mai'adua bayan girbi. Ko damina ɗaya bai gani a ƙasar nan ba, bai iya bambanta gawo da kuka ba. Amma tunda nan aka turo shi, shi mazauni ne, an ba shi takarda shi da iyalinsa, iyalin da suke can birni ba su taɓa taka ƙasarmu ba. Ya ji labarin ɗana, ya zo da mota har ƙofar gida, ya shigo zaure da baƙin tabarau a fuska. Ɗana ya miƙe ya ƙame kamar tabarya, a zauren ubansa, yana sara wa baƙo.

"Mama, ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Takardata ta ɗauki iyali. Zan sa shi a ciki, a matsayin ƙanina."

"Ƙaninka ta wajen wa, Yallaɓai?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Ta wajen kaki, Mama."

Da ya tafi na gaya wa ɗana cewa a gindin tsamiyar bayan gidan nan aka binne cibiyarsa, kuma ni ban haifi wancan mutumin ba. Ya ce ya sani, amma ko dai wannan, ko in kai ƙahon bayan masallaci da hannuna. Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Ranar buɗe farauta na sauko da ƙahon, na goge shi da man shanu yadda ubansa yake yi, na miƙa wa ɗana. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Baƙon yana gaba da bindigarsa mai baki biyu, turare yana tashi daga jikinsa kamar mai zuwa ɗaurin aure, turaren da duk naman da ke da hanci zai jiyo tun daga Sandamu. Ɗana yana biye, ƙaho a wuya, jakar ruwan sanyin mutumin a kafaɗa.

Sauran a bakin ƙanin mijina na ji, don ya lallaɓa a kan jaki har bakin dajin. Malamin daji yana tsaye yana kiran mutane, da ya zo kan ɗana ya ce iyalin Yallaɓai, kowa yana ji. Dattawa ba su gama addu'a ba baƙon ya hango zabin daji ya ɗirka musu harbi. Bai sami ko gashi ba. Karnuka suka watse, duk abin da ke kwance a ciyawa ya miƙe ya nufi Nijar. Sannan ɗana ya busa.

Nan take mutanen bayan masallaci suka ce busa bayan harbi ba busa ba ce. Dattijon mafarauta ya daɗe yana tauna goro, sannan ya ce al'ada cewa ta yi namijin gida ya fito da ƙaho ya busa, kuma ya fito da shi ya busa. Wautar baƙo ba ta shiga lissafi.

Da la'asar ɗana ya dawo da ƙahon da zomo guda. Karen wani ne ya kama, aka ba baƙon don girmamawa, shi kuma ya ce a kai wa iyali. Na ce wa surukata ta dafa wa yara. Ni na ci tuwona da miyar kuka.

Ya zo ya durƙusa a bakin ɗakina, ya ce, "Inna, ƙaho dai bai fita daga gidanmu ba."

Na ce, "Bai fita ba."

Na mayar da ƙahon kan ƙusarsa. Yana nan har yau, kuma matar bayan masallaci ta daina kawo fura. Mazaunin namu kuwa, kafin ruwan farko ya sauka aka ɗauke shi zuwa wani shingen. Ko sallama bai zo ya yi wa ƙanin nasa ba.