Shekarar da na hau rufin masallaci

Masallacin garinmu, can gabas da Gure, ya girmi kakan kakana. Ginin laka ne, gajere, sai ka sunkuya za ka shiga. Ginshiƙai huɗu ke ɗauke da rufin, azara ta goruba a jere a kansu, an daɓe ta da ƙasa. Kowace shekara kafin ruwan fari sai an sake yaɓe rufin nan, in ba haka ba ruwa ya shiga azara, shi ke nan. Babana ne maginin garin, sai dai a lokacin ya makance.

A shekarar kumandan Nasara mai mulkin yankinmu ya aiko aka kwashe maza zuwa aikin hanya, har da mijina. Aka bar tsofaffi da mu mata. Hadari ya fara leƙowa, rufi kuwa ya tsage, tsagar da hannu ke shiga.

Tsofaffin suka ce za su yi. Don gudun nisa suka ɗebo ƙasa daga bakin kwari, inda ake kwasar kanwa. Baba ya sa aka miƙa masa, ya ɗora a harshe kamar yadda ya saba, ya tofar.

"Kanwa ce zalla," in ji shi. "Wannan cinye azara za ta yi."

Na ce to mu za mu ɗebo ƙasa mai kyau ta ramin Gidigir duk da nisansa, ni zan hau in yaɓe. Tun ina ƙarama nake kwaɓa wa Baba, na san aikin. Liman ya ɗaure fuska ya ce, "'Yata, ƙafar mace ba ta taka saman kan masu sallah."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Allah gafarta malam, ƙafata ta fi azara nauyi ne in ta faɗo muku a ka?" Aka yi ta salati, wata tsohuwa ta ce ba ni da kunya. E, ranar ba ni da ita.

Kwana shida muna jigila da jakuna. Muka kwaɓa da ciyawa da kashin jaki, muka bar ta ta ruɓa. Ran da ta nuna, bayan an fito sallar asuba, na ɗaura zane na yi ɗamara na jingina tsani. Tsoro nake ji ƙwarai, amma na hau. Mata na cillo curi, Baba na zaune a ƙasa yana faɗa mini in karkatar da daɓen wajen indararo. Liman ya bar gaisawa da gidanmu.

Ruwan ya zo wata Laraba da hantsi, kamar da bakin ƙwarya. Baba ya ce in kai shi masallaci. A bakin ƙofa na tsaya, don ko yanzu ba a yarda in shiga ba. Ya lallaba ya shige shi kaɗai, na ji sandarsa tana bin ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe, ni kuma ina tsaye ruwa na dukana.

Da ya fito, liman na rakuɓe a gefe yana kallo. Baba ya lalubo fuskata ya ɗora tafin hannunsa a kuncina. Hannun da ya shafa azara da shi a bushe yake.