Fasto Dauda da Bindigogin da Ya Hana Shiga Coci

Shekara bakwai ke nan da muka binne mahaifina, Fasto Dauda, a bayan ƙaramin cocin Tungar Madaci. Ban taɓa niyyar cewa komai a jarida ba. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne wani baƙo da ya neme ni a nan Kuala Lumpur, inda nake karatun digiri na uku, wanda har yau ban gamsu da abin da ya ce ya kawo shi ba.

Garinmu ƙauye ne a gindin dutse, mota ba ta kaiwa da damina. A zamanin kakana wasu Turawan mishan 'yan ɗarikar Menonayit, miji da mata, suka iso a ƙafa. Matar tana wanke gyambo, mijin yana koyar da karatu a inuwar bishiya. Da suka tafi ba su bar mana asibiti ko makaranta ba. Ɗakin sujada na laka suka bari mai rufin ciyawa, da koyarwa mai wuyar riƙo: Kirista ba ya rantsuwa, kuma ba ya ɗaga makami a kan ɗan'adam. Kakana ya riƙe wannan, Baba ya gada.

Da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, matasan gari suka kafa 'yan sa-kai. Shugabansu Iliya ne, ɗan ƙungiyar mawaƙan cocin, wanda Baba ya yi wa baftisma da hannunsa. Iliya ya nemi a ɓoye bindigoginsu a ƙarƙashin mumbari, don ba wanda zai yi tunanin dubawa a can. Baba ya ce ba zai hana kowa tsare gidansa ba, amma makami ba zai kwana a ɗakin sujada ba.

Ba a jima ba aka kawo hari. An ƙona kasuwa da rumbuna da gidaje, an kashe mutane. Cocin kuwa ko tsinken ciyawarsa ba a taɓa ba. Ni ma ban san dalili ba. Amma gari ya samo nasa dalilin: wai Fasto yana kai wa maharan rahoto, shi ya sa suka bar masa cocinsa. Ba wanda ya faɗa a gabansa. Gaisuwa ce kawai ta riƙa gajarta.

Muna da al'adar da muka gada daga Turawan nan: kafin cin jibin Ubangiji, maza su wanke ƙafafun maza, mata na mata. A ranar jibin da ya biyo bayan harin, ina ɓangaren mata ina kallo. Baba ya durƙusa da kwanon ruwa da tawul yana jira. Maza suka riƙa wuce shi suna miƙa ƙafa ga wasu. Da aka gama ya tashi ya zubar da ruwansa a waje, ya dawo ya ja waƙa kamar ba abin da ya faru. Kafin wata daminar hawan jini ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Iliyan nan ne ya kira ni watan jiya, ya ce ya zo wani kwas a nan Kuala Lumpur. Muka haɗu a wani ƙaramin gidan abinci irin wanda ake kira mamak, a unguwar Danau Kota, inda ake shan shayi da cin roti, wata irin gurasa.

"Ƙanwata Rifkatu, tarihin cocinmu muke haɗawa," in ji shi. "Jikokin Turawan nan za su kawo ziyara. Hoton Baba Fasto muke so a bango. Ai gwarzon zaman lafiya ne."

"Yaya Iliya, abin da kuka kira shi bayan harin fa? Shi ma zai shiga tarihin?"

Ya juya cokali a kofi. "Haba, wannan ai ya wuce."

Wataƙila nadama ce ta kawo shi. Amma me ya sa nadamar ba ta zo ba sai da aka ji baƙi na tafe? Me ya sa ya tsallake mahaifiyata da ke zaune cikin garin, ya nemo ni a bangon duniya? Zuciyata ta fi karkata ga cewa ya san baƙin za su tambayi yadda aka yi da koyarwar kakanninsu, ba ya kuma son su ji amsar daga bakin iyalinmu. Na ce masa ya tsaya gaban jama'a ran Lahadi ya wanke sunan Baba, sannan a yi maganar hoto. Ya ce zai duba. Ya koma gida, shiru nake ji.

Da Baba yana raye, na san zai ce na tsananta. Shi da ya miƙa hoton, ya kuma tambayi lafiyar 'ya'yan Iliya. Wannan halin ban gaje shi ba, ba zan yi ƙarya ba.

Wadda ta gaje shi tana can. Duk Lahadi Mama tana zama a bencin gaba, a tsakiyar mutanen da suka zargi mijinta, tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na tambaye ta a waya yadda take iyawa. Ta ce, "Rifkatu, in na daina zuwa, ai na yarda ke nan ya aikata."