Luguden Kaka a Kaset ɗin Yaya

Jiya maƙwabciyata tana dakan sakwara, sai na tsaya cak da wanki a hannu. Amon taɓaryar ya mai da ni gidanmu na Akurba, shekarar da yayana ya kamu da waƙar nan ta samari da ake zuba magana da sauri, wadda suke kira raf.

Lokacin sabuwar doya ne. Yaya yana sakandare, an zaɓe shi ya yi waƙa a bikin makaranta. Baba ya ce sam.

"Kwaikwayon Amurkawa ne kawai, a juya hula a yi ta ihu. Nuna mini abu ɗaya naka a ciki. In babu, rikodar nan ta koma ɗakina, ranar bikin kuma kana gona."

Kawu, da ya zo daga Obi, ya ce ai mawaƙi sai da kalangu da ubangida. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa.

Yaya ya danna kaset. Ba ganga, ba jita. Luguden Kaka da Inna ne ya ɗauka ba su sani ba, taɓarya tana amsa wa taɓarya, har da tafin da suke yi in sun cilla ta sama. A kan wannan ya hau zuba magana: noman doya, motar da ke kafewa a hanyar Arikya, Inna da ciwon baya. Ko numfashinsa bai saɓa wa taɓarya ba. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ashe dakan da nake gudu kullum kiɗa ne?

Kawu ya ce, "To, wannan ma ai sata ce."

Kaka ta ajiye goronta. "Sata ce mana, amma ni aka yi wa. Kai kuma ja'irin mawaƙi, wurin tafi ka riga ni. Mirgino turmi."

Ta ɗaure zani, ta daka, Yaya ya bi ta da waƙa, tana gyara masa.

Baba ya miƙe. Ya shiga ɗaki, ya ciro batir daga tocilarsa, ya ajiye a kan rikodar.

Yau 'ya'yana suna musu a kan waƙoƙin waya, wane ya iya, wane ya kwaikwayi wane. Nakan tambaye su a hankali, "Turmin wa ke ciki?" Sai su yi dariya. Kaka ta rasu, kaset ya daɗe da tsinkewa. Amma jiya da maƙwabciya ta cilla taɓarya, sai na ga na saki wankin na tafa mata.