Tanimu, Direban Hanyar Tasalat

Da an sallame sallar asuba za ka tarar da Malam Tanimu a bakin kasuwar Lazaret da ke babban birnin ƙasa, ya buɗe kan kamiyonsa, wato babbar motarsa ta kaya, ya kasa kunne yana sauraren injin. Idan ranar isowa ce, mata sun riga sun kewaye shi: wannan tana jiran buhun kauɗa, wato busasshen tumatir, waccan tana neman cuku da dabino, wata kuwa labarin mahaifiyarta kawai take so. Duk daga Tasalat suke zuwa, ɗan ƙaramin garinmu da ke maƙale a kan duwatsun Azbin. A watan jiya idanunsa suka gaza, ya miƙa makulli. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutumin Tawa ne, ba ɗan garinmu ba. Mun san shi ne a shekarar babban fari, lokacin da raƙuman da ke ja mana ruwa a garake, wato lambunanmu, suka mutu, alkama ta ƙone a tsaye. Shi ya kwaso mu zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Lazaret. Ba mu daɗe ba muka ji soja sun karɓi mulki. Daga nan kanmu ya ɗaure. Yau a ce kowa ya koma garinsu, gobe a ce kada wanda ya motsa sai hatsin taimako ya iso. Wani ya rantse rijiyoyin Tasalat sun ƙafe har kura na kwana a masallaci, wani ya ce ƙarya ne, an yi ruwa a bayan dutse. Mu da ba mu jin Zabarmanci, ko tambaya ba mu san wa za mu yi wa ba.

Baba Oumarou, dattijon masu garaken garinmu, shi ya tare shi. Ina wurin.

"Tanimu, kai da ke yawo, gaya mana gaskiya. Akwai gari ko babu?"

"Wallahi Baba, ni ma ban sani ba. Iyakata Agadas yanzu."

"To mu zauna ne, ko mu tafi?"

Tanimu ya cire hula ya sosa kai. Can ya ce, "Ku ba ni lokaci in je in gani."

Wanda ya raka shi, Bala makanike, ya ba mu labarin tafiyar. A wani shinge jandarma suka ce ya juya, a na gaba aka tambaye shi dalilin da ya makara. Da hanya ta ƙare suka bar motar a gindin dutse suka hau da ƙafa. Ba su sami kowa ba sai wata tsohuwa, Delu, da awakinta. Tanimu, wanda bai taɓa shiga rijiya ba, ya ɗaura igiya a ƙugu, Bala ya zura shi.

Ranar da ya dawo bai yi dogon bayani ba. Ya kwance wani tsumma a gaban Baba Oumarou, sai ga curin laka. Dattijon ya murza, ya shinshina, ya ɗanɗana. Sannan ya ce, "Da danshi. Ku ɗaure kaya."

Ba kowa ya yarda ba. Gidaje sun rabu biyu, namu ma haka: yayana ya hau mota, ni na tsaya, kuma har yau ban san wanda ya yi daidai a cikinmu ba. Waɗanda suka koma da hannu suka ja guga har garake suka farfaɗo. Da wani farin ya sake dawowa bayan shekara goma, Tanimu bai fasa hawa zuwa Tasalat ba.

Kai ne ka hana garinmu zama labari, Tanimu. Kai ne ka kai musu iri, ka sauko mana da amfanin gona, ka ɗauki gawa da amarya ba ka taɓa ɓata fuska ba. Na Tawa, mai hanyar dutse!

Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya. Ku kuma matasan direbobin tasha, hanyar nan ba ta da kwalta, ba ta da riba mai yawa, amma akwai mutane a ƙarshenta. Cikinku wa zai hau?