Makin Tikitin Inna

Wata abokiyar aikina a asibiti ce ta fara buɗe mini ido. Ta ce rabonta da sayen tikitin zuwa gida har ta manta. Wuta, ruwa, intanet, cefane, duk da katin bashi take biya, banki yana tara mata maki, kafin wata ya mutu ta mayar musu da kuɗinsu don kada kuɗin ruwa ya hau. Idan makin ya taru sai ta karɓi tikitin jirgi. Tana faɗa Inna ta faɗo mini a rai. Ga ni a Riyad shekara da shekaru, mahaifiyata ba ta taɓa ganin Ka'aba ba sai a jikin kalanda.

Da na koma gida na gaya wa maigidana. Injiniya ne, yana son a ce shi ya san kan komai. Ya ce ba sai na buɗe sabo ba, zai karɓo mini kati a ƙarƙashin nasa, makin ya fi saurin taruwa a wuri guda.

"Idan sun cika na Inna ne, Maman yara," in ji shi. Da bakinsa ya faɗa, ban matsa masa ba.

Daga ranar na ɗauke masa nauyin gidan nan kaf daga albashina. Ba wanda ya ɗora mini, kowa ya san wuta da ci da sha a wuyan miji suke. Ni na ga dama, saboda uwata. A kasuwar Aziziya idan mai tumatir ya ce ba shi da na'urar kati, ko kayansa sun fi na kowa kyau gaba nake yi. Matan benenmu a unguwar Malaz kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya: ku ba ni kuɗin a hannu, ni zan biya muku da kati. Har ya zama idan sun hango ni sai su hau tsokana, "Kash ko shabaka?" wato kuɗi hannu ko kati, kamar yadda masu kanti ke tambaya. Ina dariya ina karɓa.

Na sa aka yi wa Inna fasfo. Ita kuma ba ta iya riƙe farin ciki ba, unguwa duk ta ji. Ta ɗinka farin hijabi, maƙwabta suka fara ba ta saƙon addu'o'in da za ta kai musu.

Ana haka maigidan ya tafi Kano bikin 'yar abokinsa. Ina wurin aiki hoto ya shigo zauren danginsu a waya. Ga mutumina a ɓangaren manya na jirgi, ya miƙe ƙafa, an ajiye masa dabino da gahawa. Mutumin da ke bin ɗakuna yana kashe na'urar sanyi a tsakiyar zafin Riyad! Nan take na san ba daga aljihunsa wannan kujera ta fito ba.

Na jira ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci.

"Baban yara, ina makin Inna?"

"Haba, maki ne fa, ba kuɗi ba. Kyautar banki ce. Kin san ciwon bayana da doguwar tafiya. Za su sake taruwa."

Wallahi da ya ce ya yi kuskure, da abin ya zo da sauƙi. Amma yana faɗa yana sakace haƙori. Na tsane shi a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Ban ɗaga murya ba, na ajiye masa katinsa a gefen faranti na tashi.

Ni na kira Inna na ce sai baɗi. Ta ce Allah ya kai mu. Ba ta tambayi dalili ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da iƙamata, wato katin izinin zama, da takardar albashina na je banki na buɗe kati da sunana. Da takardar kuɗin wuta ta zo na tura masa. Na ce ciyarwa a kansa Allah ya ɗora, ya turo kuɗin in biya da katina, ko kuma ya yi abinsa da kansa, har da cefane. Ya zaɓi ya yi da kansa. Madalla. Na riƙa aika shi Aziziya ranar hutunsa, ya dawo da albasa in ce ta ruɓe, ya koma. Ba a daɗe ba ya sallama. Kuɗin nasa, makin nawa, albashina kuma ko riyal bai sake gani ba.

Makin ya taru, amma gwiwoyin Inna ba su jira ba. A shekarar nan suka ƙi ta. Matar da ke zuwa kasuwa da ƙafarta, a keken marasa lafiya aka fito mini da ita daga jirgi.

Da muka isa Makka, a Harami masu tura keke suka taso mana. Maigidan ya sa hannu a aljihu zai biya. Na riƙe hannun.

"Kai za ka tura ta. Ɗawafi da Safa da Marwa, duka."

"Bayana fa..."

"Ai ya huta a jirgi."

Ya tura. Gumi ya jiƙa haraminsa, yana dafe ƙugu yana nishi, ina biye da shi ban ce sannu ba. Ana cikin zagaye Inna ta ce a tsaya, tana son ta taka ko kaɗan da ƙafarta. Muka ɗaga ta. Ta yi taku biyu ko uku, ƙafar ta ƙi, ta koma ta zauna tana share ido da bakin hijabinta.

A hanyarmu ta komawa Riyad ta jawo ni kusa ta ce, "Yaron nan ya wahala da ni. Ki yi masa godiya."

Na ce to, Inna. Har yau ban yi ba.