Filin da Muka Daɓe wa Baƙo

A makon da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, cikin Oktoban 1979, na fara shiga ƙaramar mota a rayuwata, kuma a ranar ce na ga an tsayar da mahaifina a bakin ƙofa. Ina yarinya 'yar aji uku a firamare. Na dawo daga makaranta ke nan, ko kayan makarantar ban tuɓe ba, na tarar da motar baƙonmu a ƙofar gida, yaran unguwarmu ta Ƙofar Guga, a Katsina, sun kewaye ta suna leƙa fuskokinsu a madubi. Baba na tsaye cikin farar rigarsa ta Juma'a, alhali makon bai ko kai tsakiya ba. Na riƙe gefen rigar na kafa masa kuka sai an tafi da ni. Shi kuwa bai iya jure kukana, sai ya ce in wanke ƙafa in shiga baya. A can aka jingina mini wata doguwar jaka, kawunan ƙarafa na leƙowa daga bakinta, aka ce in rungume ta kada ta faɗi.

Mahaifina, Malam Sada, fatu yake saye yana tarawa. Gidanmu ko makaho ya zo wucewa zai gane shi da hanci. Fatun awaki da na tumaki a shanye tun daga bayan zaure har gindin rijiya, mu yara kuma aikinmu juya su, da korar ungulu da karnuka, da ɗebo ruwa, da kai wa baƙo abinci. Baƙo kuwa ba ya yanke mana. A wajen Baba, wanda ya sauka a gidanka ya zama amanarka: kai za ka ciyar da shi, kai za ka raka shi kasuwa, kai za ka kai shi duk inda yake son zuwa a garin, ka shiga gabansa ka yi sallama. Babban baƙonmu shi ne Alhaji Garba, Bahaushe ne da ya daɗe a Legas yana saya wa wani kamfani fatu. Duk ƙarshen damina yake zuwa ya kwashe abin da Baba ya tara, kuma da wannan cinikin muke cin tuwon shekara. A wannan zuwan ya taho da sabon hali. Ya ce ya koyi wani wasa wai shi golf, kuma yanzu duk garin da harka ta kai shi, sai ya tambayi inda filinsu yake kafin ya tambayi masauki. Baba ya bincika, aka ce akwai wani kulob na manyan ma'aikata can wajen GRA, shi ne ya sa rigar Juma'a don ya kai baƙonsa.

GRA shiru take, sai itatuwan maina da gidaje nesa da juna. A bakin kulob ɗin wani mutum mai kaki ya fito. Baba ya sauka ya shiga gaba, ya yi masa doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da iyali da gajiya, sannan ya ce ga baƙonsa ya kawo. Mutumin ya ce Alhaji zai iya shiga, tun da ɗan irin wannan kulob ne a Legas, kuma ran Asabar manya ke haɗuwa a buga. Sai ya dubi Baba daga hula zuwa takalmi ya ce, "Kai kam, Malam, a yi haƙuri. Wurin nan sai mamba." Ya nuna masa wani benci inda direbobi ke zama. Duk makon rediyo na ta faɗin mulki ya dawo hannun talaka, ga talaka ya zo ƙofa an nuna masa benci! Na zaci Alhaji zai juya. Ya ɗan yi magana, ba da ƙarfi ba, sannan ya ce bari ya leƙa ya gaisa ya fito. Baba bai zauna a bencin nan ba. A tsaye ya jira, cikin rana, hannayensa a baya. Ni kuwa ina cikin mota ina rungume da jakar mutumin, na tsani jakar, na tsani mai ita.

A hanyar dawowa Baba ya tambayi Alhaji, cikin sanyin murya, wai shi filin golf ɗin me da me ake buƙata a yi shi. Alhaji ya ce ai ba wani abu ba ne: fili mai faɗi, da ramuka nesa da juna, kowane rami kuma a kewaye shi da wuri sumul kamar tsakar ɗaki. Baba ya ce, "Shi ke nan? To ran Asabar a hilina za ka buga." Alhaji ya yi dariya har yana dukan sitiyari. Bai san Malam Sada ba, duk shekarun da ya yi yana cin tuwonsa.

Muna da gona a bayan ganuwa, an riga an cire gyaɗa. Wuri sumul kamar tsakar ɗaki kuwa, a duk Ƙofar Guga mutum ɗaya ake kira, ita ce yayar Baba, Goggo Ladi. Tsohuwa ce gajera mai faɗa, wadda ba a yi ɗakin amarya a unguwarmu ba tare da ta jagoranci daɓensa ba. Da Baba ya gaya mata abin da aka yi masa, sai da ta gama tauna goronta, sannan ta ce a kira mata gayya. Kashegari jakuna suka fara jigilar tsakuwa. Aka share wurare uku a gonar, aka zagaye kowanne da igiya, aka binne gwangwanin madara a tsakiya. Tsofaffin unguwa da 'yan mata suka durƙusa a jere, kowa da madaɓinta, ana yayyafa ruwa ana duka, ana waƙa ana amshi, ana sako sunan mai kaki a cikin waƙar ta hanyar da ba zan iya rubutawa ba. Ni ana tashi daga makaranta nake rugawa can da tulu. Da Goggo ta ga ina zumuɗi, sai ta ba ni wani ƙaramin madaɓi ta ce in daina tsalle-tsalle in yi aiki. Na yi ta duka har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ban yi kuka ba. A ƙarshe aka zuba makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa daɓe, aka sake bi da duka, rana ta gasa shi. Wallahi da ka ga wuraren nan sai ka ce a shimfiɗa tabarma a kwanta. Masu zaman ƙofar masallaci suna ta yi da Baba, wai Malam Sada ya yi wa gyaɗa ɗakin amarya.

Ran Asabar da hantsi unguwa ta fita kwanta da kwarkwatarta. An kafa karan dawa a bakin kowane rami, an ɗaura masa ƙyallen da tela ya ba mu. Alhaji ya zo cikin wando da ƙaramar riga, yana murmushin wanda aka tilasta. Ya aje farar ƙwallonsa, ya gyara tsayuwa, ya kai mata duka. Gaskiya ya iya. Ƙwallon ta tashi sama har muka daina ganinta, ta sauko daidai kan daɓen Goggo, sai muka ji ƙwas! Ta yi tsalle ta wuce tsawon mutum, ta haye shingen ƙaya ta faɗa gonar rogon maƙwabci. Yara suka bi ta a guje. Ya sake bugawa, haka. Da ya matso kusa ya ɗan taɓa ta a hankali, sai ta gangara ta wuce ramin ta fita ta ɗaya gefen. Alhaji ya durƙusa ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa, ya ce ai ba haka ake yi ba, rairayi ne mai laushi ake zubawa a cakuɗa da baƙin mai don ƙwallo ta sauka ta tsaya. Ashe mun yi wa mutum tsakar ɗaki ta gaske, shi kuwa kwatance kawai ya yi. Goggo ta ce in rairayi yake so ya tafi gulbi, ita ba a taɓa kiranta aikin laushi ba.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya a bakin hanya. Aike ne daga kulob, wai sababbin manya da aka zaɓa sun hallara, an ji akwai baƙo daga Legas, ana jiransa. Jama'a suka zuba wa Alhaji ido. Ga filaye biyu, ga baƙo ɗaya, kuma kowa ya san abin da ke kan zaɓin. In ya tsaya, ko da ƙwallo ɗaya ba ta shiga rami ba, Baba ya fita kunya. In ya tafi, an sake nuna wa Baba benci, wannan karon a gonarsa, a gaban unguwarsa. Baba bai roƙe shi ba, mai masauki ba ya riƙe ƙafar baƙo. Alhaji ya dubi motar, ya dubi daɓen, ya ce harka ce, Malam ya gane, yanzu zai dawo. Ya sa ƙarafansa a jaka ya tafi. Na ji kunya kamar ni aka tuɓe, na kasa duban fuskar Baba.

Wasu har sun fara kaɗe riguna za su watse. Baba ya taka zuwa wajen wani Bafulatani da ke kiwo a gefen gonar, ya ari sandarsa mai kan gora. Ya sunkuya ya tsinci ƙwallon goruba a ƙasa, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa. "An yi hili," ya ce, "sai a buga shi." Dukan farko ƙasa ya tona, aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Na biyu ƙwallon gorubar ta tashi ta faɗi kan daɓe, ta yi ƙwaram-ƙwaram, da yake ba mulmulalliya ba ce, sai ta tsaya cik kusa da gwangwani. Kai, ihun da aka yi sai da shanun Bafulatanin suka firgita! Daga nan kowa ya nemo sanda. Masu cewa ɗakin amarya suka shiga layi, liman ya buga, Goggo ta ɗaure zane a ƙugu ta buga tana zagin ƙwallon. Ni ma aka ba ni, na tura tawa ta faɗa rami, Baba ya ɗaga ni sama. Ba mu tashi ba sai da aka kira sallar Magariba.

Da safe Baba ya kai wa baƙonsa koko da ƙosai da kansa, kamar kullum, ya gaishe shi da kwana, ya tambayi gajiyar wasa. Ina bayansa da buta. Alhaji ya riga ya ji labarin jiya, don garin ba abin da ake zance sai shi. Yana ta kame-kame, sai ya ce yau dai zai je ya gwada filin Malam da ƙwallon goruba.

Baba ya zuba masa koko, ya tura kwanon gabansa, sannan ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Hilin nan sai mamba."

Alhaji ya yi 'yar dariya ya ce to yaya ake zama mamba. Goggo, wadda ashe tana laɓe a bayan ƙofar zaure, ta yafuto ni ta danƙa mini ƙaramin madaɓin nan. Na kai na aje shi a kan tabarma, kusa da ƙosai. Daga inda take ta ce, "Wanda ya durƙusa ya yi daɓe, shi ne mamba." Alhaji ya dubi madaɓin, ya dubi hannayensa. Bai ɗauka ba. Da azahar ya haɗa kayansa ya tafi, bai loda fata ko ɗaya ba, kuma bai sake sauka a gidanmu ba.

Mun ji a jikinmu, ba zan ɓoye ba. Baba ya ɗora fatun a babbar mota ya kai Kano da kansa ya sayar a wulaƙance, shekarar nan miyarmu ta daɗe ba ta ga nama ba. Dangi suka yi ta cewa girman kai ya sa ya zubar da abincin iyalinsa. Amsarsa ɗaya ce har ya bar duniya: "Ban kore shi ba, kuma abincinsa bai taɓa yin sanyi a gidan nan ba." Wuraren daɓen kuwa bai taɓa sa musu fartanya ba. Duk damina kewaye su yake yi da shuka, in an cire amfani kuma yara su fito da sanduna.

Yau ni ke yawon garuruwa da harkar kayan fata, kuma na koyi golf da girmana. In an tambaye ni dalili nakan ce likita ne ya sa ni, amma haushi ne. Duk garin da na sauka aka jera mini filaye in zaɓa, ba na tambayar kyan ciyawa. Abu ɗaya nake tambaya, ko wanda ya kawo ni zai shiga tare da ni. In aka fara cewa a yi haƙuri, sai in ce wa direba ya juya. Kwanan baya aiki ya kai ni Katsina, masu masaukina suka ce wane fili nake so a kai ni. Na ce a bi da ni ta bayan Ƙofar Guga tukuna. Gidajen siminti sun cinye gonar, ban ma gane inda shingen rogo yake ba, kuma yarinyar da na tambaya ba ta san mene ne daɓe ba. Na daɗe a tsaye ina tunanin wataƙila aikin Goggo na nan a ƙarƙashin ɗakin wani, bai tsage ba. Sannan na koma mota na buɗe doguwar jakata. Ƙaramin madaɓin na nan a tsakanin ƙarafan, inda yake zama kullum. Filin ya tafi, amma har yanzu ni mamba ce.